Iya da Gwangwanayen Adashinta

Ina taya mu murnar zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu, Allah ya maimaita mana. Da shugabanni suka ce kowa ta kawo abin da za a saka, wasu sun kawo lissafi, wasu sun kawo hotuna. Ni na ce tarihin kakata zan kawo, wadda ta haifi babana, wadda muke kira Iya. Dalilina shi ne, duk ranar taro in na ga ma'ajiyarmu ta buɗe babban littafin nan tana kiran suna tana rubuta zubin kowa, sai Iya ta faɗo mini a rai. Ita ma ta yi wannan aikin fiye da shekara talatin, amma ba ta taɓa riƙe biro ba.

Sunanta aka sa mini, shi ya sa a gidanmu ba mai kirana da sunana na yanka. Ita kuwa takwara take ce mini, in ta so tsokana ta ce kishiya. Wajenta aka kai ni yaye, daga nan ban koma ɗakin mahaifiyata ba sai da ziyara, har aka yi mini aure. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani a bakinta na ji, wani kuma babana da goggonnina suka cike mini. Iya ba ta lissafin shekara da lamba. Ita dai zamanin sarki wane, ko shekarar da abu kaza ya faru. Malamar ajinmu da babban ɗana su suka taya ni muka nemo lambobin.

Kura da mazari

An haifi Iya a Kura, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda tsofaffi ke kira Sarki Alhaji. Ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. 'Yan yanzu da shinkafa suka san Kura, tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga aka jawo ruwa gonaki. Amma a zamanin Iya da turkuɗi aka san garin. Wani baƙin yadi ne mai ƙyalli, masaƙa su saƙa shi siri-siri, a haɗa, a kai marina a rina da shuni, sannan mabuga su buge shi har ya riƙa ɗaukar ido. Buzaye ke saye suna naɗa rawani, ana kai shi har Agadas da gaba. Baban Iya masaƙi ne. Zaren kuwa mata ne suke kaɗa shi a cikin gida.

Ta ce tun ba ta kai shekara bakwai ba aka ɗora ta a kan gurza, wato raba auduga da angurya a kan magurji. Daga nan sai shiɓa, sannan aka ba ta mazari da gululunsa, da ɗan alli na shafawa a yatsa don kada mazarin ya zame. Mai koyo da abawa take farawa, mai kauri. Sai hannu ya faɗa ake barin yarinya ta kaɗa siririn zare. Ranar kasuwa a tattara a ba yara ko wata tsohuwa ta kai. Da wannan kuɗin, taro da sisi, uwarta ta tara mata tasoshi da akusan da aka kai ta da su gidan miji.

Har ta tsufa mazarin nan yana cikin taskirarta. Ba ta sayar da zare kuma, amma in ta samu 'yar auduga sai ta zauna bayan la'asar tana kaɗi, wai don kada yatsu su manta. Ta so ta koya mini, na ƙi zama. Yau ina da mazarin, ban iya juya shi ba.

Zamanin dalar gyaɗa

An kawo ta aure birnin Kano, wajen Ƙofar Mazugal, Sarki Alhaji na da sauran kwana. Ta haifi ɗan fari, baffanmu, a shekarar da sarkin ya rasu, 1953. Babana kuma shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, 1956. Mata biyu suka biyo baya, ban da uku da ƙyanda ta ɗauke suna ƙanana.

Kakana lebura ne a wajen dalar gyaɗa. Yaranmu a hoto kawai suka san ta. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama dukiyar ƙasar nan. Manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suna saye daga ƙauyuka, ana jibge buhuna ɗaya kan ɗaya har su yi tsini, dala guda ta kai buhu dubu goma sha biyar, ana jiran jirgi ya kwashe zuwa Legas. Kakana yana cikin masu hawa da buhu a ka har can sama. Iya ta ce in ya dawo gida sai ta gasa masa wuya da ruwan zafi kafin ya iya cin tuwo.

Ta zo birni da mazarinta, tana zaton da shi za ta ci abinci kamar uwarta. Sai ga masaƙun zamani. An buɗe babbar masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya har a nan Kano. Zaren inji da atamfa suka cika kasuwa, zaren hannu ya koma sai ka yi kwana da kwanaki kana kaɗi kuɗin bai sayi gishiri ba. Mata da yawa suka rasa abin yi. Iya ta duba abin da ya fi yawa a unguwa, ta ga gyaɗa ce. Wata maƙwabciya ta koya mata suya da sussukar ɓawo da matsar mai, ta kama yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Lokacin ba injin markaɗe a kusa, a turmi ake dakawa har ta yi laushi, a yi ta juyawa ana yayyafa ruwan zafi sai mai ya taso, a kwashe, a mulmula tunkuza a soya. Tana cikin kulle, ba ta leƙa ko zaure, amma goggonnina suna kai mata talla har Fagge.

Wannan ma bai dawwama ba. An yi babban fari a 1973, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo. A 1975 kuma cuta ta kama gyaɗa a gonaki, ganye ya ƙanƙance, amfani ya lalace. Dala ta yi ta raguwa har ta ɓace, filin ya koma wajen ƙwallon yara. Kakana ya koma dako a kasuwa, ƙarfi kuma ya fara tafiya. Iya ta yi 'yan shekaru tana koko da ƙosai kafin gyaɗa ta sake samuwa ta koma sana'arta. Babana yana faɗa ba ya jin kunya, cewa daga wannan lokacin rabin tuwon gidan daga kaskon Iya yake fitowa, amma ba ta taɓa bari wani ya ji ba. Da safe takan ba kakana kuɗi a ɓoye, ya fita ya dawo da cefane kamar daga aljihunsa. Ya rasu a daminar 1988, wadda aka yi ambaliya a Kano har madatsar Bagauda ta ɓalle. Ina da shekara shida, na tuna katangar bayan gidanmu ta faɗi ana cikin zaman makoki.

Tantabaru da rediyo

Kada ku ɗauka Iya aiki kawai ta sani. Tana da abubuwa biyu da take yi don jin daɗin ranta, ba wanda ya isa ya shiga tsakaninta da su.

Na farko tantabaru. Ta ce da guda biyu aka kawo ta daga Kura, kyautar kakarta. Duk tulun da ya tsage ko tukunyar da ta huje ba a yar da ita a gidanmu. Sai ta sa a kafa ta a jikin katanga da laka, ta zama ɗakin tantabara. A lokacin da nake wajenta sun kai arba'in. Da asuba bayan ta idar da salla za ta fito da ɗan ƙoƙo na dawa da dusar gyaɗa, ta yi wata 'yar tsuwa da baki, sai ka ga sun sauko har kan kafaɗarta. Kowace ta san ta, ta san mijinta, ta san 'ya'yanta. Akwai wata fara mai ɗan baƙi a wuya da take kira Amarya, akwai wani namiji mai faɗa da ta sa wa Dogari. Muzurun unguwa kuwa shi ne babban abokin gabarta, tana ajiye masa tsakuwa a bakin ƙofa.

Ba ta sayar da su. Mutane su zo neman 'yan shila ta ce ba na kasuwa ba ne. Amma in mace ta haihu a unguwa ko wani ya tashi daga ciwo, sai ta kama biyu ta ba ni in kai a yi masa farfesu. Baffa yakan yi mata faɗa, wai tana ɓarnar dawa a kan tsuntsaye. Sai ta ce, “Da kuɗinka na saya?” Magana ta ƙare.

Na biyu rediyo. Da kwasar adashi ta saya, mai batir huɗu, ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa. In tana matsar mai yana gefenta. Tana son waƙoƙin Barmani Choge, in an sako sai ta ajiye muciya ta kifa ƙwarya tana bugawa, mu yara muna rawa. Tana son wasan Samanja. Labaran BBC kuwa ba ta bari su wuce ta, ko da rabin ƙasashen da ake faɗa ba ta san inda suke ba.

Amma shirin da ba a magana in ana yinsa shi ne Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, inda ake karanta gaishe-gaishe. Na daɗe ina zaton waƙoƙin take jira. Ashe tana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya bi fataken goro zuwa Kumasi tun tana amarya. Ya aiko saƙo sau biyu, daga nan shiru. A 1969 da gwamnatin Gana ta ce baƙi marasa takarda su fita, mutanenmu da yawa sun dawo, aka yi ta tambaya, ba ya ciki, ba kuma wanda ya zo da labarinsa. To shi ne take kasa kunne, duk katin da aka ce daga Kumasi ko Tamale ko Akara yake, ko za ta ji sunansa, ko na wani ɗa da ya sa wa sunan babansu. Ta yi fiye da shekara ashirin tana wannan sauraro. Ba ta ji ba.

Ta rediyo ta san siyasa ma. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976. A zaɓen 1979 ta ɗauki mayafi ta je ta bi layi, ta dawo tana nuna wa kowa yatsa. Gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja ba nisa da mu, ta ce ranar da ya rasu a 1983 ko wuta ba ta hura ba.

Yadda take riƙe adashi

Mata sun ga ba ta da rigima kuma hannunta ba ya rawa a kan kuɗi, sai suka naɗa ta uwar adashi. Hannu ashirin take riƙewa, ba ta ƙarawa, zubi kowace Juma'a. Matan duk suna cikin kulle, yara ne ke kai da kawowa.

Ga yadda take lissafi. A cikin jeren kwanukanta akwai wata babbar kwalla mai murfi a can ƙasa. A ciki akwai gwangwanayen madara guda ashirin, kowanne an ɗaure masa zare a wuya. Wani ja, wani baƙi, wani ja da fari, wani ƙulli ɗaya, wani ƙulli biyu. Kowane zare mace guda ce. In yarinya ta kawo zubi, sai Iya ta jefa ɗan tsamiya ɗaya a gwangwanin uwarta, a gaban yarinyar. Ranar da mace ta kwasa, sai a jefa mata ƙwallon dabino. In zagaye ya cika a juye duka a sake sabo. Da fam take ƙirga har ta bar duniya. Naira ashirin fam goma ce a wajenta, naira ɗari biyu kuma jaka.

Tana da doka guda, kuɗin adashi ba ya kwana a ɗakinta. Ta koyi wannan ne a canjin kuɗi na Afrilun 1984, da aka sauya launin takardun naira aka ba mutane ƙasa da mako biyu su canza. Lokacin akwai kwasar wata mata da ta yi tafiya a hannunta, ga ba ta da ajiya a banki. Babana ya yi kwana uku yana bin layi kafin ya samu ya canza. Ta ce a kwana ukun nan ba ta runtsa ba. Tun daga nan, in mai kwasa ba ta nan, a kai wa mijinta ko uwarta da shaida kafin magariba.

Ni ce 'yar aikenta tun ina shekara takwas. A nan kuma dole in faɗi wata magana, don tarihi ba yabo kawai ba ne. Babana ya sa ni firamare. Ina aji biyu Iya ta cire ni. Ta ce wa zai yi mata talla, kuma da me za a yi mini kayan ɗaki? Babana bai iya musu da ita ba. Na yi kuka na gaji, na ɗauki farantin ƙuli. Gaskiya ne duk kwanon da aka jera mini ranar aure daga tallan nan ya fito, ba ta ci sisina ba. Gaskiya ne kuma na kai shekara talatin da wani abu ban iya rubuta sunana ba. Ita kanta, da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 aka buɗe ajin mata, an zo har gida an gayyace ta. Ta ce ita lissafinta bai taɓa ɓata ba, me za ta je nema? Abin da ta sani ke nan, da shi ta auna mini rayuwa. Na yafe mata tuntuni, amma 'ya'yana mata huɗu ba wadda ta taɓa ɗaukar farantin talla a lokacin makaranta.

Ranar da aka buɗe kwalla

Iya ta rasu a 2001, shekarar da wayar hannu ta fara shigowa, kuma shekarar da Hajiya Gambo Sawaba ta rasu. Jinyar kwana biyar ta yi. Ina da shekara goma sha tara, ina aure a Kurna, da goyo. Tun da aka kai ni ɗaki ban ƙara taɓa gwangwanayen ba.

A wajen jana'iza aka yi sanarwa kamar yadda aka saba, duk mai binta bashi ya zo. Sai hankalin Baffa ya tashi. Ya san akwai adashi a hannunta, jaka ɗaya kowace Juma'a, hannu ashirin, kwasa naira dubu huɗu. An yi Juma'a goma sha uku, saura bakwai. Ba takarda, ba shaida. Wa ta kwasa, wa ba ta kwasa ba? Ya ce in matan nan suka taso, ko ɗakin aka sayar ba za a fita ba, ga mamaciya da nauyin mutane a kanta. Na ce masa, “Baffa, a buɗe kwallar ƙasa.” Ya dube ni kamar na zautu.

Bayan addu'ar bakwai matan suka taru a tsakar gida, waɗanda ba su samu fita ba suka aiko. Na shimfiɗa tabarma na jera gwangwanaye. Yawancin zaren na gane su, don matan ba su canza ba. Sababbi uku, ƙanwata 'yar Baffa da ta gaje ni a aike ta nuna mini masu su. Muka juye ɗaya bayan ɗaya muna ƙirgawa da ƙarfi. Kowanne goma sha uku cif. Ƙwallon dabino ma goma sha uku.

Amma da aka ce waɗanda suka kwasa su faɗa, sai aka samu goma sha biyu. Hannu takwas ke jira ke nan, har da na Iya, alhali kwasa bakwai ta rage. Wata dattijuwa, sa'ar Iya, ta ce ita ba ta karɓa ba, ga kuma dabino a gwangwaninta. Wallahi jikina rawa yake yi. Matar nan ta goya ni ina ƙarama. Na durƙusa na ce, “Inna, ki yi haƙuri, naki akwai ƙwallon dabino.” Ta ce, “Yanzu ƙwallon dabino ne zai ƙaryata ni, ke 'yar jiya?” Wuri ya yi tsit. Can sai wata ta ce, “Yaya, ba da shi kika sayi katifar auren autarki ba, tun farkon zagaye?” Ta yi shiru, ta ce ta manta, tsufa ne. Wataƙila mantuwar ce, Allah shi ya san zuciya. Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Saura abu ɗaya da ya ɗaure mini kai. Wani gwangwani mai shuɗin zare, lissafinsa ya cika goma sha uku, da dabinonsa, amma huɗu ne kawai 'ya'yan tsamiya. Sauran tara farin wake ne. Ban taɓa ganin Iya ta sa wake ba. Na dunƙule su a hannu ban nuna wa taro ba. Mai gwangwanin tana takaba, mijinta ya rasu wata biyu da suka wuce ya bar ta da yara biyar. Washegari na je gidanta. Ina buɗe hannuna ta ga waken, sai ta fashe da kuka. Ta ce tun rasuwar maigidanta ba ta zuba ko kwabo ba. Ta aika wa Iya cewa a cire ta. Iya ta aiko mata cewa ba a cire mace daga adashi ranar da ta fi bukatarsa. Ta roƙi wata ta yi musanyar layi da ita aka ba ta kwasa da wuri, kuma duk Juma'a Iya ce ke zuba mata. Ta ce mata in ta fita takaba ta kama sana'a ta biya a hankali, kada ta gaya wa kowa.

Nan na gane wani abu da ake ta gunaguni a kansa a gida. A 'yan makonnin nan Iya ta fara aika yara kasuwa da 'yan shila, abin da ba ta yi ba shekara kusan hamsin. Goggonnina har sun yi wa babana faɗa, wai ya bar tsohuwa cikin rashi tana sayar da tsuntsayenta. An tambaye ta ta ce sun yi mata yawa ne. Ashe kuɗinsu take haɗawa da 'yar ribar ƙuli tana cike gwangwani mai shuɗin zare.

Na gaya wa babana. Ya tambayi malamin unguwa, malam ya ce tun da da niyyar biya aka yi, haƙƙin magada ne, sai in sun yafe. Babana da goggonnina suka yafe nan take. Baffa ya ɗan ja, kuma ban ga laifinsa ba, shi ya ci bashin kuɗin magani. Ya kwana ya tashi ya ce shi ma ya yafe. Sauran Juma'a bakwai fa, wa zai zuba mata? Shi Baffan da kansa, mai cewa ana ɓarnar dawa, ya ce a ƙarasa da tantabarun, tun da abin da mai su ta fara ke nan. Haka aka yi. Na roƙa aka bar mini biyu. Hannun Iya kuma, wanda kullum ita ce ta ƙarshe a kwasa, babana ya ci gaba da zubawa, da ya fito aka sa a cikin gado aka biya bashin maganin.

Matan suka ce ni zan ƙarasa zagayen. Mijina ya yarda ina zuwa duk Juma'a. Da aka gama suka ce a sake sabo. Haka na zama uwar adashi ban kai shekara ashirin ba. Matar mai shuɗin zare ta rasu ita ma, ba zan faɗi ko wace ce ba. Bayan shekara biyu ta zo da kuɗin a ƙulle a bakin zane, aka ce an yafe, ta ce to a saya wa masallaci tabarmi da sunan Iya.

Abin da ya rage

Na riƙe gwangwanayen nan shekaru, har bayan na fara fita kasuwa. Abin da ya raba ni da su, wani dillali ne ya kawo mini jarkokin mai, ya rubuta takarda na dangwala yatsa. Ranar biya adadin da ke takardar ya fi abin da na karɓa da jarka uku. Ina da 'ya'yan tsamiyata, shi yana da takarda. Na biya. Lissafin Iya yana aiki ne a inda kowa ya san kowa kuma ana jin kunyar juna. Kasuwar yau ta wuce nan. A makon na je na ba da sunana a ajin yaƙi da jahilci na yamma, ina zama benci ɗaya da sa'o'in 'yata. Gemu ba ya hana ilimi, haka ma furfurar mace. Wannan rubutun da hannuna na yi shi a littafin makaranta, mako biyar ina yi ina gogewa.

Wasu daga cikin waɗanda muka fara wannan ƙungiya da su 'ya'ya ne da jikokin matan da ke da zare a kwallar Iya. Yau muna da rajista, da asusun banki, da littafi, da rasit. Duk sun fi gwangwani, kada wadda ta yi wasa da su. Abin da nake roƙo kawai, in za mu zauna a kan dokokinmu, mu duba ko littafinmu yana da wajen sa farin wake. 'Yar'uwar da ta yi rashi, ko gobara, ko doguwar jinya, me muka tanadar mata ban da tara da cire suna? Na san kuɗin ƙungiya amana ne, ba na mutum ɗaya ba. Amma a tattauna.

Roƙona na biyu, duk mai tsohuwa a gida ta zauna da ita tun tana da rai. Ki tambaye ta garinsu, da sana'ar uwarta, da abin da take yi don nishaɗi. In ba ki iya rubutu ba ki sa ɗanki ya rubuta, ko ya ɗauka a waya. Ni ban taɓa tambayar Iya sunan kakarta mai tantabaru ba, yanzu kuma ba wanda ya sani.

Ina da tantabaru goma sha ɗaya a gidana. Ba zan rantse cewa duk jinin na Iya ne ba, don tantabara tana jawo baƙi. Amma dai a fasasshen tulu suke kwana.

Allah ya jiƙan Iya da kakana da dukkan iyayenmu da suka riga mu, ya haskaka makwancinsu, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka da haɗin kai. Amin.